Ranar da Aka Sa Ni Duba Ƙwan Kwaɗi

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya ƙafar nan taki da kika ce tana damun ki idan kin daɗe a tsaye? Allah Ya kawo sauƙi, Ya sa kaffara ce. Ki daure ki riƙa shan maganin yadda aka ce, ba sai ranar da ta motsa ba, don na san halinki, tun muna yara ba kya shan magani sai an tsaya a kanki. Mu nan kowa lafiya sai godiyar Allah. Maman yara ta warke daga murar da ta kwantar da ita, har ta koma faɗan da ta saba yi mini a kan takalman aiki da nake shigowa da su falo. Babban ɗanki yana nan yana kula da motocin kai kaya, ya yi ƙiba har maɓallan rigarsa suna neman agaji. Gidan ƙyanƙyasa kuwa alhamdu lillahi, na rushe katangar baya na faɗaɗa ɗakin 'yan tsaki, na kuma shigo da sabon inji mai juya ƙwai da kansa. Idan na tsaya a ƙofa da safe na ji kukan 'yan tsakin nan ya cika wuri, sai in tuna lokacin da nake yawo da kiret ɗin ƙwai a bayan keke, ke kina ɗaure mini shi da tsohon ɗankwalinki. Babu wanda ya ba ni, Allah ne da gumina da addu'arku.

Za ki yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Dalili shi ne kullum na fara ba ki labari sai ki ce in taƙaita, kina da tukunya a wuta, wannan kuwa ba labarin taƙaitawa ba ne. Kuma ina sane da tambayar da kika yi mini a wayarmu ta ƙarshe, da kika ce wai don Allah me 'yarki Auta take yi da kwaɗi har yanzu, sa'anninta duk sun kama aikin da mutum zai iya faɗa a gaban jama'a. Ranar na yi ta kame-kame, na ce bincike ne, bincike ne, kika ce ai ke ma kina bincike idan cokalinki ya ɓata. To yau na zo miki da amsa, kuma ba ji na yi ba, da idona na gani, da hannuna aka yi.

Abin da ban gaya miki ba a lokacin shi ne yarinyar nan tana cikin damuwa. Ta rame, ba ta cin abinci sosai, in ta zo gida sai ta zauna ta zuba wa bango ido. Da maman yara ta matsa mata, sai ta ce aikin da ta shafe shekaru tana yi don babban digirinta ya zo wani wuri mai wuya. Ta samu sakamako mai kyau, amma malamarta, wata Farfesa mai furfura da ba ta san wasa a kan aiki ba, ta ce ba za ta sa hannu ba, domin Auta ce ta shirya gwajin kuma ita ce ta duba shi da idonta, ido kuwa yakan ga abin da zuciya take so. Ta ce sai an sake, a kawo wani wanda bai san komai a kan aikin ba, bai san abin da ake fata ba, ya duba ya faɗi abin da ya gani. In maganarsa ta zo daidai da ta Auta, a ci gaba. In ta saɓa, a rufe wannan babin, Auta ta koma farko ta nemi wani abin daban. Kin ji abin da ya hana 'yarki barci. Su kuwa mutanen ɗakin binciken duk sun san aikinta ciki da waje, tare suke shan shayi, kowa yana taya ta fata, don haka Farfesa ta ce babu ɗayansu da zai yi.

Ina ofishina na gidan ƙyanƙyasa sai ga Auta ta shigo, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce alfarma ta zo nema, tana so in zo wurin aikinsu in duba mata ƙwai. Yaya, ban san lokacin da na gyara zama ba. Na ce mata ai ta zo inda ya dace, duk garin nan a nuna mini wanda ya fi ni sanin ƙwai, ni da nake ɗaga shi a gaban tocila in gaya maka mai rai ne ko fanko tun kafin ka rufe baki. Na ce dama na san wata rana manyan masu karatun nan za su neme ni. Sai ta sunkuyar da kai tana danne dariya, ta ce in yi haƙuri, ba don sanina aka zaɓe ni ba, an zaɓe ni ne don ban san komai ba. Wallahi na ji maganar nan har cikin ƙashina. Na ce wato duk faɗin garin nan da aka zauna neman wanda bai san komai ba, ubanta ne ya fara faɗo mata a rai? Ta ce a'a, tana neman wanda bai sani ba, mai kaifin ido, wanda kuma ba ya ƙarya, shi ne ta rasa wani sai ni. Kin ga 'yarki da iya ɗaure mutum da magana. Na ce to shi ke nan, zan zo. Na nemi ta ɗan gutsura mini bayanin abin da ake nema don kada in je in yi abin kunya, ta ce ko kalma ɗaya ba za ta faɗa ba.

Ranar da aka sa, na yi wanka na saka kaya masu kyau, maman yara har da fesa mini turare, ashe duk a banza, muna shiga aka ɗora mini wata farar riga wadda ta ƙi haɗuwa a tumbina. Auta ta fara kai ni ɗakin kwaɗin. Ki cire tunanin kwaɗin bakin rijiya masu ƙuraje a baya. Waɗannan a cikin ruwa suke zaune, a manyan tankuna masu murfi, jikinsu sumul kamar an shafa musu sabulu, sun baje hannuwa suna shawagi kamar masu kuɗin da suka gama cin abinci. Ɗakin da sanyi, ruwa yana zagayawa ta bututu, babu wari ko kaɗan. Na sa hannu na taɓa bututun, na duba magudanar, na ce a raina wanda ya yi aikin nan ya san hannunsa. Ta nuna mini wata babba ta ce ita ce ta ba da ƙwan da zan duba. Wai ana sa mata maganin barci, a ɗan tsaga gefen cikinta, a ɗebi kaɗan, a ɗinke, ta farfaɗo ta koma ninƙayarta. Na leƙa na ga ɗinkin, ƙanana ƙanana, tsaf. Na tambayi wanda ya yi, ta ce ita ce. Yarinyar da ko maɓalli ba ta taɓa ɗinka mini ba!

Daga nan muka shiga babban ɗakin, dogayen tebura cike da kwalabe, firji a kowane lungu yana gurnani. Farfesa ta tarbe ni da mutunci, ta kira ni Baban Auta, ta ba ni kujera mai juyawa a gaban madubin likita, wanda yake ƙara girman abu. Ta ɗora wani ɗan farantin gilashi a ƙarƙashinsa ta ce in leƙa. Da ido kawai, ƙwan ba su fi kan allura mai ɗan kauri ba, amma da na sa ido a madubin sai na ga ƙwallaye jere, kowane rabinsa na sama baƙi-baƙi, rabin ƙasa fari-fari, kamar an tsoma shi a fenti an tsaya a tsakiya. Na daɗe ina kallo, don ban taɓa zaton akwai kyau irin wannan a cikin kwaɗo ba. Sai ta nuna mini ɗaya da yake da wani farin ɗigo a tsakiyar baƙin, ta nuna mini wani da ba shi da shi. Ta ce aikina ke nan: za ta riƙa miƙo mini farantai ɗaya bayan ɗaya, kowane an rufe sunansa da filasta, in duba kowane ƙwai in ce mai ɗigo ko marar ɗigo, ita tana rubutawa. Ita ma ba ta san wanne ne wanne ba, wani abokin aikinsu ne ya liƙa filastar ya cakuɗa su ya tafi. Auta kuwa aka ce ta fita ta zauna a baranda, don kada in karanta wani abu a fuskarta. Kafin ta fita na tambaya ko ɗigon nan alamar me ne, Farfesa ta ce alamar ƙwan ya nuna ke nan, iyakar abin da zan sani ke nan.

To ni da na ji kalmar nuna, sai na ce ai magana ta ƙare. A sana'ata tiren da ƙwansa ya yi jijiya ya yi motsi shi ne riba, wanda ya zauna shiru shi ne asara. Na ce wato yarinyar nan wani magani ta haɗa mai sa ƙwai ya nuna, ɗigo shi ne nasara. Farantin farko kuwa ya zo da albarka, kusan duk inda na duba ɗigo ne fes, ina faɗa da ƙarfi ina jin daɗi, har ina ƙarawa da masha Allah. Na biyu ma haka. Farfesa kuwa rubutu kawai take yi, fuskar nan kamar ƙofar banki a rufe. Na ce a raina matar nan ko murna ba ta iya ba.

Sai aka miƙo na gaba. Na sa ido, na bi layin farko, babu. Na bi na biyu, babu. Na goge idona da hannun riga, na gyara madubin yadda aka koya mini, na sake bi tun daga farko, ƙwai bayan ƙwai, baƙi wuluk, ko alamar fari babu. Aka kawo wani, shi ma haka. Na san wannan kallon, shi ne kallon da nake yi wa tire idan wuta ta ɗauke inji ya huce, in tsaya ina tunanin yadda zan gaya wa mai ƙwai cewa babu ɗan tsako ko ɗaya. Ta gilashin ƙofa ina hango bayan Auta a kan benci, ta haɗa hannuwa a tsakanin gwiwoyi, tana kaɗa ƙafa irin yadda take yi tun tana firamare idan ana jiran sakamako. Nan fa Shaiɗan ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ya ce wa zai sani? Ni kaɗai ne idona yake cikin madubin nan. Ga hasken fitila yana ɗan ƙyalli a kan wasu, in na ce ɗigo ne wa zai ce na yi ƙarya, ai kuskuren ido ne. Ba duka ba ma, in ce rabi, don abin ya yi kama da gaskiya. 'Yata ce, shekarunta ne za su zube a kan kalma ɗaya daga bakina. Har na buɗe baki, wallahi har na buɗe. Sai na tuna abin da ta faɗa a ofishina, cewa ta rasa wanda ba ya ƙarya sai ni. Na kuma tuna ban taɓa cusa ruɓaɓɓen ƙwai a ƙasan kiret na sayar wa mutum ba, ko a shekarun da nake kwana da yunwa, da wannan na gina duk abin da na gina. Na ce ba a kan 'yata zan fara ba. Na ce wa Farfesa marar ɗigo, marar ɗigo, marar ɗigo, har muka kai ƙarshen farantin.

Da aka gama duka, wasu farantai cike da ɗigo, wasu babu ko ɗaya, sai na cire girman kai na ajiye a gefe na fara roƙo. Na ce wa Farfesa ta dubi girman Allah kada ta yanke wa yarinyar nan hukunci a kan wannan, ni na san ƙwai, abu kaɗan yake ɓata shi, wataƙila sanyin ɗakin ne ya yi yawa, wataƙila uwar ce ba ta ƙoshi ba. Na ce a ba ni dama in turo mai gyaran injina ya duba musu firjin, in kuma kwaɗin ne suka tsufa a gaya mini inda ake sayar da sababbi. Ta saurare ni har na gama, ta yi mini godiya, ta ce firjinsu lafiya lau yake. Sai ta leƙa ta kira Auta, ta ce ta zo ta ɓare filastar da hannunta. Auta ta shigo ba ta ko kalle ni ba, ta ɓare ta farko, ta duba rubutun malamarta, ta ɓare ta biyu. Da ta zo kan waɗanda na ce babu komai, ta ɓare, ta duba, ta sake dubawa, sai ta saki wata ƙara ta yi tsalle ta rungume ni har farar rigar ta yage a hammata. Ni kuwa na ce shi ke nan, baƙin ciki ya taɓa mata kai. Ina bubbuga bayanta ina cewa ta yi haƙuri, Allah zai musanya, tana dariya tana hawaye tana cewa Baba ai su ne, su ne nata. Na waiga na ga Farfesa ta cire tabarau tana dariya har da riƙe tebur, ashe tana da haƙora.

Sai da suka zaunar da ni suka ba ni ruwa sannan na gane. Sinadarin da Auta take aiki a kai ba mai sa ƙwai ya nuna ba ne, mai hana shi nuna ne. Duk farantan an zuba musu abin da yake ta da ƙwai, amma wasu an ƙara musu nata. Masu ɗigon nan da nake ta yi wa masha Allah su ne waɗanda ba a sa wa komai nata ba. Waɗanda suka zauna baƙi ƙirin, da na kusa yi musu kuka, su ne shaidar aikinta ya ci. Yaya, ki tsaya ki yi tunanin wannan. Da na bi son zuciyata na ce rabi suna da ɗigo don in taimake ta, da an rubuta cewa sinadarinta ba ya aiki, da ni da bakina na rushe mata shekarunta, ina murna na yi mata gata. Ban gaya musu abin da ya wuce a zuciyata ba a lokacin, sai a mota na gaya wa Auta. Ta kama hannuna, ba ta sake shi ba har muka iso gida.

Amma kafin nan akwai sauran aiki. Na tambaye su ta yaya aka san ƙwan nan ba mutuwa kawai suka yi ba, tun da mataccen ƙwai ma ba ya nuna. Auta ta ce ai wannan shi ne rabin aikin yini, tun jiya ta shirya shi: za ta wanke su ta cire sinadarin, ta mayar da su cikin ruwa mai tsabta da abin da yake ta da su, in suna da rai za su nuna. Ta wanke, muka koma ɗan ɗakin shan shayinsu muna jira, a nan ne ta yi mini bayanin da zan ba ki yanzu, ki riƙe shi da kyau don masu tambaya. Ta ce ƙwai a cikin uwa yakan girma ya cika, sannan ya tsaya cik, ya yi watanni yana jira, ba matacce ba, ba mai tafiya ba. A cikinsa akwai wasu ƙananan ma'aikata da ake kira enzayim, kowane da aikin da yake sa a yi. Babbansu kamar injin mota yake, an haɗa shi an zuba mai, amma wani enzayim ya taka masa birki. Idan saƙo ya zo daga jikin uwa, sai wani na uku ya farka ya ɗage birkin. Injin yana tashi sai shi ma ya ƙara tayar da masu ɗage birki, su kuma su ƙara sakin inji, shi ya sa abin ba ya yin rabi, in ya tashi ya tashi gaba ɗaya. Sai jakar da take tsakiyar ƙwan, wadda take riƙe da gadon kamannin uwa, ta taso sama ta buɗe, wannan ne farin ɗigon da na yi ta nema. Bayan haka ƙwan ya sake tsayawa yana jiran namiji. In ya samu, sai ya fara rabuwa, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, kuma a kowace rabuwa sai an ƙera wani sashe na injin an kunna, a gama a farfasa shi, a sake ƙera sabo. Na ce wannan ai ɓarna ce, wa yake fasa makulli duk lokacin da ya buɗe ƙofa? Ta ce da ba a fasawa da injin ba zai mutu ba, ƙwayar ba za ta gama rabuwar ta huta ba. Sinadarinta kuwa mai ɗage birkin nan yake riƙe wa hannu.

Na ce to duk wannan wahala don kwaɗi su ƙaru ko su ragu? Ta ce a'a, irin wannan injin ne a cikin kajina, da cikin jikina, da naki, da shi jariri yake girma a ciki, da shi ciwo yake warkewa. Ana amfani da ƙwan kwaɗo ne don yana da girma, ana iya ganin abin da yake faruwa. Ta ce idan birkin nan ya lalace a jikin mutum, ƙwayoyin jiki suka yi ta rabuwa ba tsayawa, yana daga cikin abin da yake kawo ciwon daji. Nan na miƙe tsaye na ce wato maganin daji 'yata ta gano! Su biyun suka taso mini, Farfesa ta ce in rufa musu asiri kada in fita da wannan magana, tsakanin farantin nan da maganin mutum akwai tafiya mai nisan gaske, wataƙila ma ba a isa ba, abin da aka samu shi ne an ƙara fahimtar yadda birki ɗaya yake aiki. Don haka ke ma na gargaɗe ki, kada in ji kin tara maƙwabta kin ce musu wani abu.

Da rana ta yi sanyi muka koma. Wannan karon ba a rufe komai ba, Auta ta ce ni zan fara leƙawa. Na sa ido a kan ƙwan nan dai da na yi wa ta'aziyya da safe, sai ga farin ɗigo a kan ɗaya, ga wani kusa da shi, ga wani yana fitowa dishi-dishi kamar mai jin kunya. Na daɗe a sana'ar ƙwai, na ga ɗan tsako yana fasa ɓawo sau ba adadi, amma ban taɓa jin abin da na ji a ƙirjina a wannan lokacin ba. Farfesa ta leƙa, ta ɗago, ta miƙa wa Auta hannu ta ce ta je ta fara rubutawa, za ta sa hannu. Ta kuma ce a shafin godiya za a sa sunana a matsayin wanda ya duba ƙwai. Ni da na tsaya a sakandare, sunana a littafin jami'a! Maman yara ta ce tun ranar hulata ta daina shiga kaina, na ce ta bar ni, ba kullum ake samu ba. Auta kuwa a daren nan ta cinye abincinta ta ƙara da nawa.

Yanzu ga abin da nake so da ke. In an sa ranar da za a ba ta digirin zan sanar da ke da wuri, kuma ba na son jin labarin ƙafa, ko ɗaukar ki za a yi sai kin zo, ke kika goya yarinyar nan. Sannan akwai gwaji na gaba da za ta yi, na ce a shirye nake, har na sa a ɗinka mini farar riga daidai jikina. Sai ta ce wai ni na gama amfani, yanzu na san abin da ake nema, sabon wanda bai san komai ba take so. Kin ji sakayya, ilimi ya kore ni daga aiki. Nan take na ce mata ga Gwaggonta, ido gare ta kamar shaho, ba ta kuma taɓa ɓoye wa kowa gaskiya ba ko da ba a tambaye ta ba. Sai yanzu da na kai nan a rubutu na lura na zayyana miki komai tun daga birki har ɗigo, ke ma na lalata ki. To ki taho da maigidanki, shi ne daidai wannan aiki, amma don Allah kada ki karanta masa takardar nan, in ya tambaya ki ce gaisuwa ce kawai.

Ki gaishe mini da shi da kyau duk da haka, ki ce ƙaninsa yana nan yana jiran sa da kujera mai juyawa. Ki gai da babbar 'yarki da mijinta, da Malam ƙarami mai gyaran waya, da 'yan biyu, da takwarana sarkin rigima, ki ce kakansa ya ajiye masa 'yan tsaki. Maman yara tana gaishe ki, babban ɗanki da matarsa suna gaishe ki, Auta ta ce in gaya miki kwaɗinta ma suna miƙo gaisuwa. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninki mai ƙaunarki,
Mai gidan ƙyanƙyasa, Baban Auta.